Rumbu Biyu Ba Su Ishi Halmang Ba

"Lafiya lau na iso, Halmang. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba. Takardarki ta ƙosar da ni tun jiya."

Dasom ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a cire. Ni ta fara kallo, don ta san ta inda ɓarnar ta fito. 'Yata ce, tana karatun digiri na biyu a Busan, kan yadda ɗumin teku ke kashe ciyawar ruwa a gaɓar tsibirinmu na Jeju. Ta turo mini babin farko na aikinta in duba mata kurakuran rubutu, ni kuma na yi gangancin karanta wa mahaifiyata shi. Mahaifiyata, Bu Gye-wol, wadda Dasom ke kira Halmang, wato kaka a harshen tsibirinmu, shekarunta saba'in da takwas, sittin daga ciki a nutson teku ta yi su tana kamo katantanwa, kuma har yau in ruwa ya kwanta sai ta shiga. Tun Dasom na rarrafe su biyun ba su taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba, duk gidan kuma mun san haka suke son juna. Amma ranar fushin na gaske ne.

"Omma, waƙafi da aya na ce ki duba. Ban ce ki yi shela ba."

"Bar uwarki," in ji Halmang. Tana zaune a ƙasa tana ɓare tafarnuwa, ba ta ko ɗago ba. "Zauna. Ba kan matashina ba, can. Maimaita mini abin da kika rubuta a shafi na huɗu."

"Yaushe kika fara ƙirga shafi? Ke da ko takardar magani sai an karanta miki."

"Kunnena ke ƙirgawa. Maimaita."

"Na ce kafin shekara ta dubu biyu ba wanda ya auna ɗumin ruwa a kai a kai a gabashin tsibirin nan."

"Ba wanda ya auna."

"Haka bincike ya nuna."

"Wane ne bincike? Ɗan gidan wa? Ya taɓa jiƙa ƙafarsa?"

Dasom ta jefar da jakar. "Rumbunan bayanai ne, Halmang. Wuri ne a kwamfuta da ake tara sunan duk takardar da masana suka wallafa, da taƙaitaccen abin da ke ciki. Na zaɓi manya guda biyu, waɗanda duniya ta yarda da su. Na buga kalmomi, suka ba ni takarda dubu uku da 'yan kai. Wata biyu ina tacewa. Har layuka nake gani a jikin bango."

"Da wane harshe suke, takardun?"

"Turanci."

"Duka?"

"Kusan duka."

"To ciyawar ƙauyenmu da Turanci take mutuwa?"

"Kin ga irinta ko, Omma? Na taso tun asuba, jirgi da mota biyu, don in zo in sha wannan."

"Wa ya gayyace ki? Dubi fuskarki kamar kifin da ya kwana a rana. Wata biyu a gaban allo, abin da kika kamo shi ne babu. Ni in na shiga ruwa na fito da raga wayam, kunya ke hana ni bin babban titi. Ke kuwa har shafi kika ba babu."

"Farfesa ne ya ce manyan biyu sun isa."

"Wannan mai taje gashi daga kunnen hagu zuwa na dama? Na gan shi ranar da kika gama digirin farko. Iska ɗaya ta taso, asirinsa ya tonu. Mutumin da bai iya rufe kansa ba shi zai gaya mini abin da ya isa?"

Na so in yi dariya, na ga fuskar Dasom, na fasa.

"Akwai dalili," in ji ta, tana danne murya. "Duk wanda ya karanta aikina a wata ƙasa dole ya iya buga kalmomin da na buga, a rumbun da na buga su, ya samu abin da na samu. Manyan biyun a tsare suke. Namu na gida kuwa, wanda ke tara kundayen digiri da rahotanni da harshenmu, hargitse yake. Takarda ɗaya sai ta fito sau uku. Wata suna kawai za ki gani, ba ciki. In na ƙara shi, na ƙara wa kaina wata guda. Ranar Juma'a zan miƙa sunayen rumbunan da zan yi aiki da su, daga nan ba a canjawa."

"Ashe akwai na gida."

"Akwai."

"Kin leƙa?"

"Na ce miki hargitse yake."

"Ɗakinki ma hargitse yake, amma a ciki kike kwana. Kin leƙa?"

Dasom ta sunkuya ta cire ɗaya takalmin.

Halmang ta ajiye wuƙar. "To saurara, mai digiri. Wata mai zuwa mutanen ofis za su zo taro da ƙungiyarmu ta masu nutso, kan ko za a rufe mana gaɓar arewa. Bara wani yaro mai farar riga ya tsaya a gabanmu ya ce mu muka kwashe ciyawar, shi ya sa duwatsu suka yi fari, katantanwa ta rasa abinci. Muka ce ruwan ne ya canja, tun da daɗewa jikinmu ke gaya mana. Ya ce ina shaida. Ni kuwa da bakina na miƙe na ce jikata tana rubuta shaida a Busan. Shugabar ƙungiya ta ce za a karanta takardarki a taron. Sai ga shi jikar tawa ta rubuta wa mai farar riga abin da yake so. Ba wanda ya auna."

"Ban ce ruwan bai canja ba. Cewa na yi ba a rubuta ba."

"An rubuta. Malama Yang ta rubuta."

"Wace Yang? Rabin tsibirin nan Yang ne."

"Doguwa, mai tabarau, mai amai a kwalekwale. Lokacin uwarki na sakandare. Shekara shida tana zuwa duk wata. Ta ba mu ma'aunin zafi na gilashi, mu uku, mu nutsa da shi, mu fito ta duba ta rubuta a littafi. Ni ce ta fi yarda da ni. Ta ce hannuna ya fi na kowa natsuwa."

"Halmang, ke ce fa kika ce kin yi kokawa da kifi mai hannu takwas wanda ya kai girman ƙofar nan."

"Ya fi ƙofar."

"Kin ce kin taɓa nutsawa aka ɗora shinkafa, ba ki fito ba sai da ta nuna."

"Ƙaramar tukunya ce."

"Kin ce guguwa ta taɓa canja hanya saboda kin daka mata tsawa."

"Ta canja ko ba ta canja ba?"

"To wannan zan rubuta? In ji kakata, wadda guguwa ke tsoro? A kore ni daga jami'a?"

"Gara a kore ki da ki zauna suna koya miki share mu. Abin da muka tura ki koyo ke nan? Ki zo ki ce ba mu taɓa yin komai ba sai da Bature ya rubuta?"

Nan wasan ya tsaya. Dasom ta miƙe tsaye, idonta ya yi ja.

"Ni ke share ku? Abokan karatuna sun zaɓi ƙanƙarar ƙarshen duniya, wadda alƙalumanta ke jere, sai ɗauka. Ni na zaɓi wannan ruɓaɓɓiyar ciyawar saboda wata tsohuwa mai taurin kai da ke fitowa daga ruwa kullum raga na raguwa, tana zagin kowa a gida. Saboda ke na zaɓa. Ki ce ina share ki?"

Halmang ta ɗauki wata tafarnuwa ta duba ta kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. "To in saboda ni ne, buɗe hargitsattsen."

"Zan buɗe. Don in rufe miki baki."

Ta zaro kwamfutar ta ɗora a kan teburin cin abinci, ta ture kwanon kimchi, kabejinmu mai yaji, gefe da ƙarfi har ruwansa ya zuba. Ta shiga rumbun gida. Tana bugawa tana faɗa da ƙarfi, kamar mai karanta hukunci.

"Yang. Jeju. Ɗumamar yanayi. Daga tamanin zuwa casa'in da biyar. Ga shi nan. Sifili. Zo ki gani da idonki. Ko sifilin ma sai an karanta miki?"

"Me kika ce a tsakiya?"

"Ɗumamar yanayi."

"Ba ta taɓa faɗin wannan ba. Wannan maganar zamaninku ce, ta talabijin. Ita ciwon farin dutse take cewa."

"Wannan ai maganar ƙauye ce."

"A ƙauye ta yi aikin. Buga."

Dasom ta buga, tana murguɗa baki. Sai bakin ya tsaya. Na leƙa ta kafaɗarta, na ga layuka sun cika allon.

"Nawa?" in ji Halmang.

"Arba'in da ɗaya."

"Ban ji ba. Kunnena na hagu ruwa ya cinye shi."

"Arba'in da ɗaya. Rabi maimaici ne, kamar yadda na faɗa."

"Rabin arba'in ya fi sifili ko bai fi ba? Ke ce mai lissafi."

Dasom ta koma kan allon. Ta gangara ƙasa, ta tsaya a wani layi. Kundin digiri ne na wata Yang Bok-hui, shekarar tamanin da tara, kan zafin ruwa da farin dutse a gabashin tsibirin. Suna kawai aka sa da shekara. Ciki babu, sai bayanin cewa kwafin takarda yana ɗakin karatu na jami'a a cikin birni.

"Suna ne kawai," in ji ta. "Ban san me ke ciki ba. Kuma in aikin kirki ne, da ta wallafa da Turanci, da kuma na gan shi a manyan. Na buga Jeju a duka biyun, na karanta duk abin da ya fito."

Ban yi niyyar sa baki ba. Amma na yi shekara tara ina aiki a otal kafin in haife ta, kuma ina tuna abin da ke rubuce a ƙirjin rigar aikinmu.

"Dasom, yaya kika rubuta Jeju da harafin Turawa?"

"Yadda kowa ke rubutawa, Omma."

"Lokacin da nake otal, Cheju ake rubutawa. C da H. Sai a dubu biyu aka canja."

Ta kalle ni kamar na mare ta. Ta koma babban rumbun, ta goge, ta buga tsohon rubutun. Takarda ɗari da sittin da wani abu suka fito, ba ko ɗaya da ta taɓa gani. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Wata biyu," in ji ta a hankali. "Shi ya sa komai ya fara daga dubu biyu. Ba ruwan ne ba a auna ba, ni ce ban san sunan garinmu ba."

Na ɗauka Halmang za ta tausaya. Ina.

"Rubuta wannan a shafi na huɗu. Ya fi wancan gaskiya."

"Ki bar ni, Halmang."

"Ban bari ba. Mai gashin aro bai gaya miki ba? Shi da aka haifa tun ana rubuta C?"

"Ba gashin aro ba ne, nasa ne."

"Na kunne ɗaya ne, ya ara wa ɗayan. Nemo mini Malama Yang."

Tana nan. Gajeriyar takarda ce, shafi biyar da Turanci, an ɗauki hotonta a karkace. Dasom ta fara karantawa tana juya mana da harshenmu, muryarta a dishe. Malama Yang ta ce a shekaru shidan ruwan lokacin sanyi bai ƙara yin sanyin da dattawa suka sani ba, kuma farin dutse ya fi yawa a inda ruwan ya fi ɗumi. Halmang ta buga tafin hannu a cinya.

"A kai wa mai farar riga. A liƙa masa a goshi."

"Tsaya, ban gama ba." Dasom ta matso da fuskarta kusa da allon, sai na ga kafaɗunta sun miƙe. "Ta ce kuma a shekara biyu daga ciki an yanki ciyawa fiye da ƙima a gaɓar arewa, don sayar wa 'yan kasuwar Japan, kuma wurin bai farfaɗo ba har ta gama aikinta."



"Wannan layin ba sai kin sa ba," in ji Halmang.

"Af. Yanzu kuma?"

"Karkatacciyar takarda ce. Wa ya sani ko kin karanta daidai."

"Ɗazu kika ce a liƙa a goshi."

"Rabin sama za a liƙa."

"Ba a yi. Ke kika ce in buɗe kowane rumbu. In na buɗe, abin da ya fito duka nawa ne, mai daɗi da marar daɗi. In na zaɓi wanda ya yi miki, me ya raba ni da mai farar riga? An yanka ko ba a yanka ba?"

"Ke wa ya ba ki izinin yi mini tambaya a gidana?"

"An yanka?"

Halmang ta kalle ni, ta kau da kai. "An yanka. Shekarun da kakanki ke kwance, uwarki kuma tana gab da gama makaranta. Kowa ya yanka. Mun san ya yi yawa tun muna yi." Ta ture kwanon tafarnuwar. "Amma daga baya mun bar wurin shekara biyar ba mai taɓawa, da kanmu, ba wanda ya sa mu. Da ruwan da ne, da ya dawo. Bai dawo ba."

"To wannan ma wani zai iya rubuta shi. Ƙila yana cikin arba'in ɗin nan, ko a rahotannin ofishin kifi. Su ma suna da nasu rumbun." Dasom ta ja dogon numfashi. "Huɗu ke nan. Manya biyu, na gida, da na rahotanni. Kowanne da C da J. Kin kashe ni, tsohuwa. Farfesa zai ce na haukace."

"Ki ce kakarki ce ta ce."

"Sai ya tabbatar."

Ta ci gaba da gangarawa don ta ga ƙarshen takardar. Sai ta tsaya a wani ɗan rubutu a ƙasan shafi na uku. Ta karanta sau biyu. 

"Halmang, ku nawa kika ce kuna ɗaukar ma'aunin?"

"Uku. Ni da Ok-ryeon da Mal-sun. Ni ce babba a aikin."

"A tsohon rubutu, Bu ɗin sunan Halmang ai Pu ne ko, Omma?"

Na ce haka ne.

"To ji. An watsar da duk awon shekarar farko na Uwargida Pu, domin ya nuna talatin da huɗu kowane wata, har ranar da dusar ƙanƙara ke zuba. Daga baya aka gano tana cusa ma'aunin a cikin rigar robarta."

"Ƙarya ne."

"A rubuce yake. A babban rumbun duniya. Da Turanci."

"Gilashi ne siriri. Ta ce daga Seoul aka kawo shi, babu wani. In ya bugi dutse fa? Su Ok-ryeon sun fasa biyu, ni ban fasa ko ɗaya ba."

"Shekara guda kina auna zafin hammatarki."

"Ba hammata ba ne, nan ne." Ta dafa ƙirji.

"Hannunki ya fi na kowa natsuwa. Dole. Talatin da huɗu, talatin da huɗu, talatin da huɗu. Masana a ƙasashe nawa suka karanta wannan, Halmang? Kin shiga tarihi."

"Rufe hargitsattsen nan."

"Wannan ba hargitsattsen ba ne. Tsararren ne."

Halmang ta ɗaga wuƙar tafarnuwa ta nuna ta da ita, ta buɗe baki za ta yi zagi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har tari ya kama ta, tana share ido da bayan hannu, tana cewa munafukar mata, shekara biyar tana cin shinkafata bayan wannan, ba ta taɓa gaya mini ta rubuta ba. Dasom ma ta kife kai a teburin tana dariya, rabi kuka.

Da suka lafa, Halmang ta gyara zama.

"Sa duka. Ɗumin, da yankan, da barin da muka yi in kin samo shi. Ni zan tsaya a taron in amsa na yankan da bakina, kafin yaron nan ya ce ya kama mu."

"Da hammatar?"

"In kika sa wannan, ba ki da kaka."

Ta juyo gare ni. Gobe ce ranar da ruwa ya fi janyewa a duk watan, ranar da ba mai nutson da ke yarda ta rasa, ko da zazzaɓi take.

"Uwar Dasom, kira shugabar ƙungiya ki ce gobe ba ni shiga. Ki fito mini da rigata mai ruwan toka. Zan raka yarinyar nan birni mu ɗauko littafin Malama Yang."

"Ba sai kin je ba, Halmang," in ji Dasom. "Zan iya ni kaɗai."

"Na sani. Amma littafin ya fi shafi biyar. Ni zan fara sanin me kuma ta rubuta a kaina, kafin ke."

"Ai ni zan karanta miki."

Halmang ta auna maganar.

"Uwar Dasom," in ji ta, "ke ma sa takalminki gobe."